Janar Haruna Tsakanin Littattafai Biyu: Lauyan Da Ya Ɗauki Kayan Da Ba Nasa Ba

Na daɗe ina son in yi magana a kan yadda littattafai biyu suka ɗauki mutum guda, kowanne ya ajiye shi a wuri daban. Na farko shi ne There Was a Country na Chinua Achebe, wanda ya fito a 2012, watanni kaɗan kafin rasuwar marubucin. Na biyu shi ne The Asaba Massacre na S. Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli, malaman jami'a biyu daga Amurka, wanda maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ta buga a 2017. Mutumin kuwa shi ne Manjo Janar Ibrahim Bata Malgwi Haruna, wanda aka fi sani da I.B.M. Haruna. Littafin Achebe ya sanya shi cikin hafsoshin da suke tare da Murtala Muhammed lokacin da aka kashe ɗaruruwan farar hula a Asaba cikin Oktoba na 1967. Littafi na biyu ya ce a wannan lokacin ba ya garin, kuma rundunar ba ta hannunsa. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne, daga bakin Harunan kansa aka samo maganar da aka ɗaure shi da ita, kuma lokacin da ya yi ta ya shekara wajen ashirin yana lauya.

An haife shi a 1940. Mutumin Garkida ne, ƙasar Bura, a jihar Adamawa ta yanzu. Yana cikin rukunin farko na yaran da aka ɗauka a makarantar sojan yara ta Zariya a 1954, daga nan ya wuce Sandhurst a Ingila, ya zama hafsa a 1961. A yaƙin basasa ya riƙe Runduna ta Biyu ta sojan ƙasa daga 1968 har zuwa Mayu na 1969, lokacin da Gowon ya sauya kwamandojin fagen daga su uku a tashi guda: Bisalla ya maye gurbin Shuwa, Obasanjo ya maye gurbin Adekunle, Gibson Jalo kuma ya karɓi Haruna. Bayan juyin mulkin 1975 ya zama kwamishinan yaɗa labarai na tarayya, wato minista ke nan, a gwamnatin Murtala, ya ci gaba a ta Obasanjo. Ya tuɓe kaki a 1977 yana da shekara 37. Maimakon ya nemi kwangila kamar yadda da yawa daga cikin tsaransa suka yi, sai ya koma aji a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya karanta shari'a, ya zama lauya a farkon shekarun 1980. Janar sukutum, wanda ya yi wa dubban sojoji umarni, ya zauna a benci tare da yaran da ba su kai ƙannensa ba. Wannan kaɗai ya isa a rubuta littafi a kansa.

Wani zai ce me ya haɗa mutumin Maiganga (wadda ake rubutawa Meiganga a takardun gwamnatin Kamaru) da wannan magana ta Nijeriya. To, Garkida ta fi kusa da Garwa nesa ba kusa ba a kan Kano. Kuma yaƙin bai wuce ta gefenmu kawai ba. Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, ya tsaya bayan Gowon, ya hana a mai da Kamaru hanyar shigar da makamai Biyafara, alhali Faransa ta De Gaulle tana tausaya wa Ojukwu a fili. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan kusa da gida, zan zo kansa daga baya.

Ga abin da ya faru a Asaba, gwargwadon abin da littattafan biyu ba su saɓa a kansa ba. A 9 ga Agusta 1967 sojojin Biyafara suka ƙetare kogin Kwara suka mamaye jihar Tsakiyar Yamma, har suka kai Ore a hanyar Legas. Cikin gaggawa aka harhaɗa Runduna ta Biyu aka damƙa wa Kanar Murtala Muhammed, yawancinta kurata ne da ba su sami horon kirki ba. Ta ƙwato Binin a Satumba, ta yi ta kora har bakin kogi. A farkon Oktoba ta shiga Asaba, 'yan Biyafara kuma suka tsallaka Anacha suka fasa gada a bayansu. Mutanen Asaba Ibo ne ta harshe, amma garinsu ba ya cikin Biyafara. Sai dai Okpanam, garin iyayen Manjo Nzeogwu wanda ya kashe Sardauna a 15 ga Janairu 1966, yana nan dab da su, kuma sojojin da suka zo sun san haka. Ranar 7 ga Oktoba jama'ar gari suka fito cikin fararen tufafinsu na al'ada, suna waƙa suna rawa, don nuna goyon baya ga Nijeriya ɗaya, da tunanin hakan zai tsayar da kashe-kashen da aka fara tun shigowar soja. A unguwar Ogbe-Osowa aka ware mata da ƙananan yara gefe, aka buɗe wa maza da samari wuta da bindiga mai jigida. A 1981 majalisar raya garin ta tattara sunaye 373 da aka tabbatar, ta ce ba su ke nan ba. Bird da Ottanelli suna ganin waɗanda aka kashe a waɗannan kwanaki sun haura dubu.

Shekara 34 bayan haka maganar ta taso a gaban hukumar binciken take haƙƙin ɗan'adam da Obasanjo ya kafa a 1999 ƙarƙashin Mai shari'a Chukwudifu Oputa. Ƙungiyar Ohanaeze ta Ibo ta shigar da ƙorafi mai tsawo tun daga kashe-kashen 1966 har zuwa yaƙin da abin da ya biyo baya, tana neman diyyar tiriliyoyin naira. Ƙungiyar tuntuɓar juna ta Arewa, ACF, wadda aka kafa a Kaduna a 2000, ta zo mai da martani, kuma Haruna yana cikin waɗanda suka yi magana da yawunta. A Oktoba na 2001 jaridar Vanguard ta ruwaito cewa, a lokacin da lauyoyin ɗaya ɓangaren suke yi masa tambayoyi, ya ce a matsayinsa na kwamandan rundunar ba shi da wata nadama ko neman gafara a kan Asaba, domin duk abin da aka yi an yi shi ne don riƙe Nijeriya ƙasa ɗaya. Daga wannan rahoto ne komai ya taso.

Achebe ya ɗauki rahoton yadda yake. Babin Asaba a littafinsa gajere ne, amma ginin da ya yi masa gini ne na gwanin labari. Ya kawo Murtala da mataimakansa, ya ambaci Haruna a cikinsu, ya ce mamayar Tsakiyar Yamma ta ƙona musu rai. Sai kisan. Sannan ya tsallako shekaru ya ajiye mutum biyu gefe da gefe: Gowon da ya je Asaba a 2002 ya nemi gafara, da Haruna da ya tsaya gaban Oputa ya ce ba shi da nadama. Mai karatu ba ya buƙatar a gaya masa wanda zai tsana. Ni kaina da na fara karanta wurin sai da na ajiye littafin na ɗan wani lokaci.

Matsalar ita ce wannan tsari mai kyau a ido an ɗora shi a kan abin da ba a bincika ba. Achebe ba baƙo ba ne a yaƙin, jakadan Biyafara ne da ya zagaya duniya yana yi mata magana, kuma ya san manyan mutanen ɓangarorin biyu. Tarihin wanda ya riƙe Runduna ta Biyu da lokacin da ya riƙe ta ba sirri ba ne, yana cikin littattafan yaƙin da aka buga tun shekarun 1970. Masu kare shi sukan ce ai ya rubuta a bangon littafin cewa tarihi ne daga mahangarsa shi kaɗai. Wannan uzuri yana aiki a kan abin da ya gani da idonsa, kamar bam ɗin da ya faɗa gidansa a Inugu ko rasuwar abokinsa Christopher Okigbo, kuma waɗannan shafuka su ne mafi kyau a littafin. Amma Achebe ba ya Asaba. A can ya dogara ne da abin da wasu suka rubuta, kuma wanda ya dogara da wasu ya ambaci sunan mutum mai rai a maganar jini, to nauyin tantancewa ya hau kansa komai girman sunansa. Girman sunan ma shi ya ƙara nauyin, domin miliyoyin da suka san Achebe ta Things Fall Apart ba za su je neman wani littafin su gwada ba.

Bird masaniyar halayyar al'umma ce, Ottanelli masanin tarihi, dukansu a Jami'ar Kudancin Florida. Sun fara aikin a 2009, suka yi shekaru suna zuwa Asaba suna naɗar bayanan waɗanda suka tsira, suka haɗa da takardun ajiya na Ingila da Amurka. Littafinsu ba shi da zaƙin alƙalamin Achebe, wani wurin ma sai ka yi haƙuri da shi, amma yana da abin da ake nema a shari'a: wane ne ya gani, a ina yake tsaye, wane ne kuma ya faɗi irin abin da ya faɗa ba tare da sun haɗa baki ba. Da wannan hanya suka nuna cewa Haruna ya karɓi rundunar ne a 1968, watanni bayan kisan. Sunan da shaidu da dama suka ambata a filin shi ne Manjo Ibrahim Taiwo. Game da Murtala kuwa, sun ce ba su sami shaidar ido da ta ji ya ba da umarni ba, amma shi ne kwamanda a fagen, don haka alhaki ba zai tsallake shi ba. Sun kuma rubuta labarin wasu hafsoshi da sojojin tarayya da suka ɓoye iyalai suka cece su, abin da ya nuna cewa a ranar akwai zaɓi, kuma wasu sun zaɓi daidai.

To a nan ne tambayar da ta fi damuna take, kuma babu ɗaya daga cikin littattafan da ya zauna a kanta yadda ya kamata. Me zai sa lauya ya amsa abin da bai yi ba?

A dokar yaƙi akwai ƙa'idar alhakin kwamanda. Da ita aka rataye Janar Yamashita na Japan a 1946 saboda ta'asar da sojojinsa suka yi a Filifin, ko da yake ba a nuna shi ya ba da umarni ba. Ƙa'idar ta ce kwamandan da ya sani, ko ya kamata ya sani, bai hana ba kuma bai hukunta ba, shi ma mai laifi ne. Amma yaya matsayin wanda ya zo daga baya ya gaji rundunar? An kai wannan tambaya gaban kotun duniya da ke Hague mai shari'ar laifukan yaƙin tsohuwar Yugoslabiya, a shari'ar wani hafsan Bosniya, Amir Kubura. A Yuli na 2003 alƙalan ɗaukaka ƙara suka rabu uku da biyu. Masu rinjaye suka ce ba a kama kwamanda da laifin da aka yi kafin ya karɓi ragama. Biyun da suka saɓa, Shahabuddeen da Hunt, suka ce idan haka ne to duk rundunar da ta yi ɓarna sai a sauya mata shugaba kawai, laifin ya faɗa rami tsakanin mai tafiya da mai zuwa. A ganinsu wanda ya gada, in ya sami labari, wajibi ne ya hukunta. Wannan hukunci ya zo shekara biyu bayan zaman Oputa, kuma ba a taɓa gurfanar da kowa a kan Asaba ba. Na kawo shi ne don ya nuna cewa tambayar da ta dace da Haruna daban take da wadda Achebe ya yi masa. Ba a tambayarsa ko ya harba ko ya sa an harba. Abin tambaya shi ne, da ya karɓi rundunar da ta sha kashi sau uku a ƙoƙarin tsallaka Kwara, ta kuma yi asarar ayarin motocinta a kwanton ɓaunar Abagana a ƙarshen Maris na 1968, me ya tarar a kan Asaba, me kuma ya yi da shi? Sojan Nijeriya ya san yadda ake hukunci in ya ga dama. Gowon ya raba wa dakaru takardar ƙa'idojin yaƙi tun 1967, kuma a 1968 an harbe Laftanar Macaulay Lamurde a bainar jama'a saboda ya kashe wani fursuna ɗan Biyafara a gaban kyamarar 'yan jaridar Ingila. A Ogbe-Osowa babu kyamara.

Ga yadda nake karanta abin da ya faru gaban Oputa, kuma fahimtata ce ni kaɗai. Mutum biyu ne suka yi magana da baki ɗaya. Akwai sojan da aka tarbiyyantar tun yana ɗan shekara 14 a kan cewa kwamanda ba ya cewa wannan ba a zamanina aka yi ba, runduna da tutarta da abin kunyarta duk nasa ne. Akwai kuma lauyan da ya san cewa a zauren da ake neman diyya, kalmar nadama rabin amsa laifi ce, kuma wanda yake wakilta a ranar ba kansa ba ne, Arewa ce. Sojan ya karɓi kayan, lauyan ya hana a ce a yi haƙuri. Da sojan kaɗai ya yi magana, mai yiwuwa da an ji wani abu kusa da abin da Gowon ya faɗa. Da lauyan kaɗai ne, da jumla guda ta ishe shi: a duba kwanan wata, ba ni nake riƙe da rundunar ba. Amma wannan jumla tana da jela, domin nan take za a ce to wa yake riƙe da ita?

Amsar kuwa ita ce abin da mu masu karatu da Hausa ba ma son ji. Murtala gwarzo ne a wurinmu, kuma da dalili. Wata shida ya yi yana mulki, aka kashe shi a 13 ga Fabrairu 1976, hotonsa yana kan naira ashirin, kuma har a nan Kamaru za ka sami masu sunansa. Taiwo ma a wannan juyin mulkin aka kashe shi yana gwamnan Kwara, kuma duk wanda ya san Kano ya san titin Ibrahim Taiwo. Mutuwa irin wannan takan rufe bakin kowa. Ko Haruna ya yi niyya ko bai yi ba, abin da maganarsa ta haifar shi ne fushin ya koma kan rayayye, matattu biyu suka huta. Achebe ya sami mugun da labarinsa yake buƙata. Mu kuma muka sami damar cewa ai ƙarya aka yi wa Haruna, muka tsaya nan, kamar wanke shi ya wanke filin.

Adabinmu ma bai taimaka ba. Mun yi wa yaƙin waƙoƙi da yawa, har Graham Furniss ya rubuta maƙala a kansu a 1991. Jiki Magayi ta Aƙilu Aliyu (ba littafin John Tafida da Rupert East mai wannan suna ba) tana cikin fitattu, kuma a fagen sarrafa harshe ba ni da abin cewa sai jinjina. Sai dai waƙoƙin zuga ne, an yi su ana tsakiyar yaƙi, aikinsu su ƙarfafa gwiwa. Ba laifinsu ba ne da ba su yi tambaya ba. Laifin na waɗanda suka zo bayansu ne. Dubban littattafan da aka buga a Kano daga shekarun 1980 zuwa yau sun shiga kowane lungu na zaman aure da kishi da gado, amma sojan da ya dawo daga Anacha ya buɗe shago a Sabon Gari ko ya zama maigadi, yana ɗauke da abin da ya gani, bai zama jigon da muke komawa kansa ba. Haka nan kashe-kashen Ibo a garuruwanmu a Mayu da Satumba da Oktoba na 1966. Ibo sun rubuta nasu ɓangaren, tun daga Emma Okocha da Blood on the Niger har zuwa Chimamanda Adichie. Wanda bai rubuta ba kuwa, abin da aka rubuta a kansa shi zai karanta.

Wannan giɓi ya taɓa littafin Bird da Ottanelli ma, kuma shi ne babban rauninsa a wurina. Muryar mutanen Asaba a cike take, kamar yadda ya kamata. Amma ƙaramin sojan da ya riƙe bindigar, ɗan Tibi ko Bazazzagi ko Bachame da aka ɗauka a Agusta aka tura daga a Satumba, inuwa ce kawai a shafukan. Me aka gaya masa a kan Asaba kafin ya iso? Da wane harshe aka ba shi umarni? Waɗannan mutane da Hausar bariki suke magana, kuma waɗanda suka rage a cikinsu yanzu sun haura saba'in da biyar. Baturiya daga Florida ba za ta same su a zaure su saki jiki da ita ba. Ɗan unguwarsu mai waya a hannu zai iya.

Na ce akwai dalilin da ya fi kusa da gida. Bayan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilu 1984 a Yawunde, kotun soja ta yanke wa mutane da dama hukuncin kisa, yawancinsu 'yan Arewacin Kamaru, aka harbe su a Mbalmayo da wasu wurare, ba a mai da gawarwakin ga iyalansu ba. Dokar afuwa ta 1991 ta buɗe gidajen kaso, ba ta buɗe kaburbura ba. A nan Maiganga kuma, a 1992, an yi rikici tsakanin Baya da Fulani wanda ya ci rayuka, kuma wanda ya fi rubuta shi da natsuwa shi ne Philip Burnham, Bature, a littafinsa na 1996 kan siyasar bambancin al'adu a Arewacin Kamaru. Kowane gida yana da sunan wanda yake ɗora wa laifi, kuma sunayen ba su zo ɗaya ba. Shi ya sa labarin Haruna ya tsaya mini. Na ga yadda suna ɗaya, in ya shiga littafin da ake ji da shi, yakan zauna daram ko da kwanan wata ya ƙaryata shi.

Nijeriya aƙalla ta yi zaman Oputa, an ji muryoyi a talabijin. Hukumar ta miƙa rahotonta a Mayu na 2002. Janar Babangida ya kai ƙara yana ƙalubalantar hurumin hukumar, Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya a 2003, gwamnati ta riƙe wannan a matsayin dalilin ƙin fitar da rahoton, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka sake shi a intanet a Janairu na 2005. Wanda yake son karanta littattafan nan biyu, shawarata ya fara da na Bird da Ottanelli, ya riƙe kwanakin a kansa, sannan ya buɗe na Achebe a babin Asaba.